Jiragen Jibo Ɗayyara

A hillar Malam Gado, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin gulbi kudu da Abu Hujar, in ka tambayi gidan Jibo ɗan Malam Abdussalami sai an ɗan yi tunani kafin a gane wanda kake nufi. In kuwa ka ce Jibo Ɗayyara, kowa zai nuna maka. Ɗayyara shi ne jirgin sama a Larabcin ƙasar. Shi mai sunan bai taɓa son sa ba, bai kuma taɓa hana kowa kiransa da shi ba. Sunkuyar da kai yake yi ya amsa.

Gidansu gidan karatu ne. Kakansa yana cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin wannan gulbi, zangon ya zama gari. Ubansa ne limamin hillar. Yayyensa maza biyu sun sauke Alƙur'ani da wuri sun shiga littattafai. Jibo da ƙyar ya sauke, amma in ƙyauren wani ya karye, ko ƙafar angarib, gadon nan na igiya, ta tsage, wurinsa ake kaiwa. Malam Abdussalami bai taɓa zaginsa a kan karatu ba. Sai dai in baƙi sun zo yana nuna musu 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan Jibo sai ya ce, "Wanga kuma kafinta ne," ya wuce.

A shekarar 1962, lokacin da aikin madatsar ruwa ta Rusairis ya kankama, Jibo ya bar matarsa Kulu da yara biyu a gida ya tafi Damazin. An ɗauke shi cikin masu haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Wata rana shugaban aikinsu ya aike shi gidan wani injiniya, Bature ɗan Italiya, ya gyara masa kanta da ta ɓalle daga bango. Kuku ya shigar da shi ɗakin ya fita.

A kan tebur, kusa da taga, ya ga jiragen sama ƙanana a jere, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba. Jibo ya san jirgi daga nesa, irin masu feshin auduga da ke shawagi a wajen Makwar. Bai taɓa zaton za a iya ƙanƙantar da abu haka kuma komai nasa ya fito ba, har ƙusoshin jikinsa. Ya ajiye guduma ya ɗauki guda mai launin ƙasa da kore. Ya sa yatsa ya juya farfelar. Ta juya sau biyu, ta ɓalle ta faɗi ƙasa.

Yana durƙushe yana lalubenta a ƙarƙashin tebur ya ga takalman mai gidan a bakin ƙofa. Ya miƙe da jirgin a hannu ɗaya, farfela a ɗaya, gumi na zuba masa. Magidanci ne mai kusan shekara talatin, ga shi an kama shi kamar yaron da ya shiga rumbun maƙwabci.

"Ma'alesh, ya hawaja," wato yi haƙuri Bature, abin da ya iya faɗa ke nan.

Baturen ya dube shi, ya dubi farfelar, ya yi dariya. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan bututun gam, ya miƙa masa, ya yi masa alama da hannu cewa shi ya ɓalle, shi zai mayar. Jibo ya tsinci tsinken ashana ya ɗebi gam ɗin da bakin tsinken, ya ɗiga, ya riƙe numfashi ya mayar da farfelar. Baturen ya ɗaga jirgin ya duba ta ko'ina, ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Juma'a, bayan salla. Ka zo."

Haka ya riƙa zuwa. Jiragen a kwali suke zuwa, gutsi-gutsi, manne da wani ƙwarangwal na roba. Ya koyi yanko kowane yanki da reza ba tare da ya ci jikinsa ba, ya goge bakin da ƙaramin magagari, ya gwada haɗuwarsu kafin ya sa gam. Ya koyi cewa fenti ba a lafta shi, shafa mai laushi ake yi a bar ta ta bushe, a sake. Tambarin fiffike kuwa a ruwa ake jiƙa shi har ya saki takardarsa, a zame shi a hankali ya zauna a wurinsa. Abokan kwanansa a sansanin ma'aikata suna tambayarsa ina yake ɓacewa ranar hutu. Ya ce Baturen na da gyare-gyare da yawa.

Da aikin madatsar ya ƙare, Baturen ya ba shi kwali uku da ba a buɗe ba, da ƙananan gwangwanayen fenti, da buroshi biyu. Jibo ya naɗe su a tsohon bargo ya sa a ƙasan akwatinsa, ya komo gida.

Da abin da ya samo ya gina ɗakin kwano mai ƙofa da kwaɗo, irinsa na farko a gidan. Kulu ta ɗauka nata ne. Da ta ga ya shigar da benci da akwati ya kulle, bayan kwana biyu ta tambaye shi.

"Malam, mi kaka ɓoyo cikin ɗakin nan?"

"Kayan aiki ne."

"Kayan aiki ke wari kamar kananzir?"

Ya buɗe mata ta gani. Ta daɗe tana kallon jirgin da ya fara haɗawa. Ta ce, "To, na sayarwa ne?" Ya ce a'a. Ta ce, "Na yara ne?" Ya ce a'a, kada ma su taɓa. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ni dai ba ni faɗa ma kowa," ta fita. Wannan alkawarin nata ya fi zagi yi masa ciwo, don ya nuna masa cewa ita ma ta ga abin ɓoyewa ne.

Kwalaye uku ba su daɗe ba. Da suka ƙare sai ya koma sassaƙa da kansa. Ya gano busasshen itacen tumfafiya ba shi da nauyi kuma yana bin wuƙa. Yana duban zanen da ke jikin kwalayen da hotunan tsofaffin mujallu da yake tsinta a kasuwar Abu Hujar, yana aunawa da tsinke. Gilashin wurin zaman matuƙi daga kwalbar magani ta roba yake yanko shi. Buroshinsa da suka cinye, ya yi wasu da gashin jelar akuya da ya ɗaure a bakin karan alkalami. Da rana yana gonar albasarsa a bakin gulbi ko yana gyaran ƙyauren wani. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da gari ya yi tsit don zafi, yana ɗakin kwano.

Wata ranar Talata aka yi sunan jikan ladanin hillar. Jibo ya yi niyyar zuwa, amma ya ce bari ya ƙarasa shafar fiffike ɗaya kafin fentin ya daskare. Ya gama, ya ga ya yi kyau. Ya ɗaga jirgin sama da kansa, ya karkata shi, ya zagaya da shi cikin ɗakin yana yi masa ƙugi da baki. Da ya juyo, ga ubansa tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, a bayansa ga wasu malamai biyu baƙi daga Mayurno da ya kawo su ga ɗakin kwanon ɗansa.

Ƙugin ya mutu a bakin Jibo. Hannunsa ya kasa saukowa.

"Jibo," in ji Malam Abdussalami a hankali, "mi ne ne wanga?"

"Jirgi ne, Baba."

"Na gani. Ina za shi kai ka?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya baya yana tari don ya ɓoye dariya. Tsohon ya ja baƙinsa suka tafi. Kafin magariba labarin ya gama hillar, kuma ranar aka raɗa masa suna, shi ma, tare da jikan ladan. Yara suna buɗe hannuwa suna gudu a bayansa suna ƙugi. A masallaci ya koma sahun ƙarshe, ya riƙa fita kafin a gama gaisawa. Sau da yawa ya yi niyyar kwashe jiragen ya zuba a gulbi. Sai ya yi sati bai buɗe ɗakin ba, sannan wata azahar ya tsinci kansa a kan benci da wuƙa a hannu.

Mutum ɗaya ne bai yi masa dariya ba, Attahiru, mijin yayarsa Barakatu. Su a Jazirar Aba suke zaune, wani tsibiri can kan Farin Gulbi, inda Attahiru yake noma, kamar Hausawa da Fulani da yawa da suka tare a can don bin shehunansu. In ya kawo iyalinsa ganin gida bayan kaka, yakan shiga ɗakin ya zauna ya ce a nuna masa sabo. Mutum ne mai son sanin yadda abu yake aiki. Yakan ce, "Ƙanena, hannunka na da albarka. Ƙyale su."

Farkon shekarar 1970 abin ya ɗan juya. Shugaban makarantar firamare ta Abu Hujar ya ji labari, ya zo da kansa ya roƙi a ba shi aron jiragen don bikin ranar samun 'yancin kai. Aka jera su a kan tebur a filin makaranta. Wani hafsan soja da aka gayyata ya tsaya a kansu ya daɗe, ya tambayi wanda ya yi, ya miƙa wa Jibo hannu a gaban jama'a. Mutanen hillar da suka je suka komo suna ba da labari, wannan karon ba da dariya ba. Jibo ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ya cire kwaɗon ƙofar. Ya samo zaren kamun kifi ya rataye jiragen duka a jikin azara, wasu sun sunkuyo da hanci kamar za su sauko, wasu sun karkata. In iska ta shigo ta taga sai su riƙa juyawa. A tsakiya ya sa sabon da ya fi so, mai launin azurfa, mai fiffike a lanƙwashe baya, irin waɗanda aka fara gani suna tsaga sama a shekarun nan.

Watanni uku bayan haka aka yi abin da aka yi a Jazirar Aba. Rediyo ta faɗi nata, matafiya suka faɗi nasu. An yi faɗa tsakanin sojan gwamnati da mutanen tsibirin, an yi harbi daga ƙasa, jirage kuma sun zo ta sama. Gidan Malam Abdussalami aka zauna jiran labari.

Ran da lori ya sauke Barakatu a bakin hanya, Jibo yana gona yana ban ruwa. Ta zo da 'ya'yanta mata biyu da ƙullin kaya ɗaya. Attahiru ya rasu. Babban ɗansu ba a san inda yake ba. Matan gida suka rungume ta suna kuka, Kulu ta ce a kai ta ɗakin kwano, shi ne mai ƙofa, shi ne ya dace da mai takaba. A cikin ruɗewar nan babu wanda ya tuna abin da ke rataye a ciki.

Da aka aika wa Jibo ya taho da gudu, ƙafafunsa duk laka. Tun daga zaure ya ji ihun yarinya. Maza sun riga sun cika tsakar gida a kan tabarmi, ubansa a tsakiyarsu. Barakatu tana zaune a ƙasa a bakin ɗakin, cikin rana, ta juya wa ƙofar baya. A ciki ƙaramar 'yarta Raliya, mai shekara biyar, ta shige ƙarƙashin angarib ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana ihu, Kulu na durƙushe tana lallashinta ta fito, ta ƙi. A samansu jiragen suna juyawa a hankali.

Jibo ya hau benci ya fara tsinke zaren. Zaren ya sarƙe, wani jirgin ya faɗo fiffikensa ya karye. Ya tattara su a gaban rigarsa kamar mai ɗiban albasa. Babu wata hanyar fita sai ta tsakiyar masu zaman makoki. Ya ratsa su, hancin jirage da jelarsu na leƙowa daga rigarsa, ɗaya ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙafar ladan. Ladan ya ɗauka ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Babu wanda ya yi dariya. Da dariyar aka yi masa kamar dā, da ya fi sanin yadda zai yi da ita.

Ya zuba su a buhun dawa ya cusa a saman rumbu.

Duk tsawon takabar Barakatu bai iya haɗa ido da ita ba. Da safe yakan tsaya a bayan zana ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ya haƙuri?" Ta amsa, ya wuce. Ya yi mata sabon angarib, ya aika Kulu ta kai. Ya je Kosti har sau biyu neman labarin ɗanta, a karo na biyu ya same shi a tsare, da rai, ya dawo da wannan albishir, amma shi ma ta bakin Kulu ya isar da shi.

Bayan ta fita takaba, wata la'asar yana gyaran mariƙin fartanya a gindin bedi, ta fito ta zauna a kan turmi kusa da shi. Raliya ta tafi gidan kakarta.

"Jibo, ka ƙone su?"

"A'a, Yaya."

"Ɗauko min guda in gani."

Ya ce ta yi haƙuri ta bar maganar. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, gani take so ta yi. Ya hau rumbu ya sa hannu a buhu, wanda ya fara taɓawa ya ɗauko, na roba ne, cikin na farkon nan da Baturen ya ba shi. Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi ta dubi ƙasansa.

"Mu nan kaɗai muka gani," in ji ta. "Cikinsa. Don mi bayansa ke da launin ƙasa, cikinsa kuma shuɗi?"

Jibo ya san amsar. Baturen ya bayyana masa tun a Damazin, kuma a lokacin dabarar ta burge shi ƙwarai, har ya ɓata yini guda yana gauraya fari da shuɗi don ya sami launin daidai. Ya mai da ido kan mariƙin fartanyarsa.

"Ba ka sani ba?"

"Na sani."

"To faɗa min."

"Don ya saje da sama," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Don waɗanda ke ƙasa kada su gan shi da wuri."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin gero. Ta sake juya shi, ta kawo shi kusa da idonta, ta leƙa cikin ɗan gilashin da ke samansa.

"Akwai mutum ciki."

"Matuƙin ne."

"Har da idanu ka yi mishi."

Da gashi ɗaya tak ya ɗiga idanun nan, yana riƙe da numfashi. Ta daɗe tana kallon ɗan mutumin, wanda bai kai ƙwayar wake ba.

"Ni duk zatona babu kowa ciki," ta ce. "Ban taɓa kawo ma raina mutum ne zaune, da idanu, shina kallon mu ba."

Ta miƙa masa jirgin. Ya ce, "Yaya, ki gafarce ni." Ta ce, "Kai mi ka yi? Shi ma marigayi yana son su." Ta tashi ta ɗauki turminta ta shiga ciki. Da ta zage shi, da ya sami abin da zai jure. Ta bar shi da jirgin a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Bai ƙone su ba, bai kuma sake buɗe buhun ba. Gara ta cinye na itacen, zafin rumbu ya lanƙwasa na robar. Sauran fentinsa da buroshin gashin akuya ya kwashe su ya kai kasuwar Abu Hujar, ya kama rumfa yana zanen furanni da layuka a jikin akwatunan amare da allunan bayan lori. Aikinsa ya yi suna, don babu mai jan layi siriri kamarsa. Direbobi daga Damazin har Sinja suna cewa a kai wa Ɗayyara, yawancinsu ba su san dalilin sunan ba. Da Malam Abdussalami ya tsufa ƙwarai, Jibo ne ke ɗaukarsa zuwa masallaci, tsohon kuma ya riƙa jingina da kafaɗarsa a sahun gaba. Ba su taɓa tayar da zancen jirage ba har ya rasu.

Barakatu ba ta sake aure ba. Da aka sako ɗanta suka zauna a hillar, Jibo ya yanka musu gefen gonarsa.

Abin da ya kasa bari ɗaya ne. In ƙarar jirgi ta taso daga nesa, kansa ɗagawa yake yi kafin ya ankara, kuma kafin jirgin ya ɓace ya riga ya san irinsa, da siffar jelarsa, da yadda za a fara sassaƙa shi. Sai ya yi sauri ya sauke kai ya duba ko wani ya gan shi.

Wata kaka, wajen ƙarshen shekarun saba'in, suna zaune shi da Barakatu a bakin gona suna zaɓen albasa, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya. Jirgin soja ya taso daga wajen Damazin ya bi gulbi ya yi arewa. Jibo ya bi shi da ido har ya zama ɗigo. Da ya sauke kai ya ga ita ko motsi ba ta yi ba, hannunta dai ya tsaya cak a kan albasar da ta ɗauka.

"Ya wuce?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

"Ya wuce, Yaya."

"To miƙo min buhun can, rana na faɗuwa."